Igiyar Da Na Kwance Wa Karen Kawu Baldan

Bindigar Kawu Baldan ta girme ni, kuma har na cika shekara ashirin da uku ban taɓa jin ƙararta ba. Kullum tana bayansa. In zai hau dutse ya dogara da ita, in ya gaji da surutuna ya zungure ni da gindinta. Harsashi ɗaya ne tak a cikinta, duk shekara ya cire ya sa sabo. Nakan ce masa, “Kawu, ka sayar da wannan ka sayi sanda ta gaskiya mana, ai ta fi sauƙin ɗauka.”

Sai ya ce, “Kai ma ga nauyi ga rashin amfani, kuma har yau ban sayar da kai ba.”

Yayan mahaifiyata ne. Gajere, ƙafafu a gwame irin na wanda ya girma a kan doki, kunnensa na hagu sanyi ya cinye rabinsa. Aikinsa gadin dutsenmu. Hukuma ta ba shi littafi da madubin hangen nesa, shi ke ƙirga ragunan dawa da awakin dutse, shi ke bin sawun damisa, shi ke raka ’yan birni masu son hawa ƙololuwa su ɗauki hoto su sauko suna ɗingishi. Dutsen shi kaɗai ne tsaye a tsakiyar filinmu, mahayin doki yana hango shi tun da sauran tafiyar yini biyu. Yana da suna a taswira, amma ba ma kiransa da shi yana kallonmu. Dattijo muke ce masa. Haka ma kyarkeci, a bakin manya sunansa karen dawa. Abin da ake tsoro ko ake girmamawa ba a kiran sunansa, kada ya ji ya waiwayo.

Kafin gadi, Kawu maharbin tarbaga ne, kuma ba a yi kamarsa ba a gundumarmu. Tarbaga, wannan ƙatuwar gafiyar dutse mai kitse, tana da wayo, sai dai son kallo ya yi mata yawa. Maharbi zai sa fararen kaya da hula mai dogayen kunnuwa, ya riƙe farar izga yana kaɗawa, yana tsalle yana ’yar dariya. Ita kuwa maimakon ta faɗa rami sai ta miƙe tsaye tana kallon mahaukaci. Nan ake samunta a ka. An ce in Kawu ya fara rawarsa har mata sukan bar tatsar goɗiya su hau amalanke su yi kallo. A cikin masu kallon ya samo matarsa, Inna Dulma.

Shekara ashirin da biyu kafin labarin nan ya kawo tarbaga gida, Inna Dulma ta feɗe. Kwana uku zazzaɓi ya kayar da ita, hammatarta ta kumbura. Kawu ya gane. Ya ja murfin saman ger ɗinsu, wato zagayayyen tantin da muke zama a ciki, ya rufe da rana tsaka, ya kashe wuta, ya gicciya igiya a ƙofa. Duk wanda ya hango ger a rufe ruf ba hayaƙi ya san ma’anarsa, ba wanda ya matso. Mahaifiyata takan ajiye abinci a kan wani dutse ta inda iska ke fitowa, ta koma da gudu. Ranar kwana tara ya buɗe ƙofa ya fito shi kaɗai. Ya ƙone fararen kayan da izgar da ger ɗin gaba ɗaya. Bai sake aure ba, bai sake auna abu mai rai ba, kuma bai sake furta sunan ciwon ba. In dole ta kama shi sai ya ce “abin nan”.

Abokin zamansa kare ne, Halzan, baƙi mai ɗigo biyu a saman ido, girmansa kamar ɗan maraƙi. Shekararsu goma sha ɗaya tare. Halzan ya taɓa tare kyarketai biyu shi kaɗai, amma da an yi tsawa sai ya koma ɓera. Duk inda yake zai sheƙa gida, ya banke ƙofar Yaya Yanjin ya shige ƙarƙashin gado. Kare ba ya shiga ger a wurinmu, ita ce ta ɓata shi, wai a bar shi tsoho ne.

Yaya Yanjin yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ger ɗinta na dab da na Kawu a gindin Dattijo. A ƙarshen daminar da nake ba ku labari ta haihu, namiji, kwanansa tara a duniya. Ni kuma an turo ni daga birni bayan makarantar koyon gyaran mota ta gaji da ni a shekara ta biyu. Wai in taya mijinta kiwo. Tumaki ɗari huɗu suka dube ni, na dube su, muka gane ba za mu shirya ba. Sai na liƙe wa Kawu na ce zan koyi raka masu hawan dutse, tunda aikin bai wuce surutu da nuna yatsa ba.

Kwana uku kafin ranar da abin ya faru, Kawu ya canza. Yakan fito ya tsaya ya karkata kunnensa mai kyau wajen dutse, ya daɗe.

“Me kake saurare, Kawu?”

“Shirun.”

Gaskiyarsa. A irin wannan lokaci tarbaga sun yi ƙiba, tun safe suke cika dutse da fito. Yanzu gefen arewa tsit. Ungulaye kuma suna ta shawagi a can.

Da safiyar ranar ya ɗaure Halzan a ƙafar amalanke, abin da ban taɓa gani ba. Ya leƙa wurin Yaya ya ce, “Yanjin, kada ki fito da yaron nan yau. Kuma kada a kwance kare.” Ya juyo kaina. “Wayarka akwai caji?”

“Cike take,” na ce. Rabi ne.

“To taho, sai a ƙololuwa ake samun sabis. Tura ƙafar wandonka cikin takalmi, ka ɗaure bakin hannun riga.”

“Zance za mu je ne, Kawu? Wace ce mai rabon?”

“Sodnom, yau kada ka taɓa komai a dutsen nan. Ka ji ni?”

Na ce na ji. Mun ɗan yi nisa Halzan yana ta kuka kamar ana yanka shi. Na ce na manta hula, na koma, na sassauta masa ƙullin igiyar. A ganina adalci na yi. Tsoho da tsoho, shekara goma sha ɗaya suna hawa tare, ina dalilin raba su?

Muka yi awa biyu muna hawa, ni da waƙa a kunne, waya tana shan caji. A wani kwari Kawu ya danne mini kafaɗa na durƙusa. Ragunan dawa bakwai ne a kan tudu, babban cikinsu ƙahonsa ya naɗe har ya kusa rufe masa ido. Kullum in Kawu ya gan su sai ya yi murmushi ya rubuta a littafi. Ranar rubutawa kawai ya yi. Ragunan suka zabura suka ɓace, muka waiwaya, sai ga Halzan yana haki yana jan igiya a ƙasa.

“Wa ya kwance shi?”

“Ƙila ya koyi kwance ƙulli, ai ya daɗe tare da kai.”

Bai yi dariya ba. Ya dubi hanyar gida, ya dubi hadarin da ke haɗuwa a yamma, ya ɗauki igiyar ya naɗa mini a hannu har sau uku. “Ka riƙe shi. Ko hannunka zai cire, kada ka sake shi.”

Da muka kai kafaɗar dutse ta arewa ya zaunar da ni a kan wani falalen dutse, ya ce kada in taka ciyawa. Ya ɗaure hanci da ƙyalle ya gangara wajen ramukan shi kaɗai.

Zama ba abokina ba ne. Na jefi duwatsu, na yi wa Halzan hira, na ƙirga ungulaye. Can sai na hango ta, kamar taku talatin daga inda nake. Tarbaga ce ƙatuwa, zaune a fili nesa da rami, tana tangaɗi kamar wadda ta sha tsimammen nonon goɗiya ya bugar da ita. Ta gan mu, ba ta yi fito ba, ba ta motsa ba. Halzan ya fara jan igiya.

Jiya-jiya Yaya ta ce tana marmarin gasasshiyar tarbaga, irin wadda ake cusa wa duwatsu masu zafi a ciki. Mai jego ce, ga shi an hana farauta, ga Kawu ba ya ko son jin ƙanshin. Na ce yau zan ba ta mamaki. Ba zan yi muku ƙarya ba, na taɓa jin ana cewa tarbagar da ba ta gudu ba a taɓa ta. To amma na ji abubuwa da yawa da ake cewa. Kada a yi fito a kan dutse, kada a taka dokin ƙofa, kada a nuna wuta da wuƙa. Duk na yi, ga ni da raina.

Na warware igiyar. Halzan bai ko yi gudu ba, ya je ya ɗauko ta kamar an ajiye masa, ya girgiza sau biyu. Na ƙwace ta daga bakinsa, na cusa a ƙirjin rigata saman ɗamara, na ja riga na rufe, na ɗaura igiyar a ɗamarar. Maharbi ba bindiga ba rawa. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin.

Kawu ya dawo fuskarsa kamar toka. “Sama. Yanzu.”

“Me ka gani?”

“Na ce sama.”

Hawan ƙarshe tsakuwa ce zalla, ka yi taku biyu ta mayar da kai ɗaya. Awa guda muka yi. Tarbagar da farko da ɗuminta a ƙirjina, sannu a hankali ta huce. Tana hucewa na fara jin ƙaiƙayi, a ƙirji, a wuya, a hammata. Ina hawa ina susa a ɓoye.

A ƙololuwa akwai tsibin duwatsun da kowa ke ƙara wa nasa, da shuɗɗan ƙyallaye suna kaɗawa a iska. Muka zagaya shi sau uku, Kawu ya yayyafa madara. Na sunkuya zan ajiye nawa dutsen, rigar ta buɗe, tarbagar ta faɗo tim a tsakaninmu.

Na yi dariya don in rage abin. “Tsarabar mai jego ce, Kawu. Kada ka rubuta ta a littafi.”

Bai dube ni ba, ita yake kallo. “Ta gudu?”

“Ina fa, ai ta ga gwani.”

“Sodnom. Ta gudu ko ba ta gudu ba?”

“Ba ta gudu ba.”

“Da me ka kama ta?”

Na dubi Halzan. Halzan ya kaɗa wutsiya.

Kawu ya sa bakin bindiga ya juya ta rigingine. Ya soki tafin ƙafarta da tsinin wuƙa, jinin da ya fito baƙi ne, da kyar ya ɗigo. Sauran ƙuma biyu ko uku ne ke yawo a farin gashin cikinta. Na san inda sauran suka koma. Ya ce in buɗe riga. Ya ƙirga cizon daga nesa da tsinin wuƙar, bakwai, jajaye.

“Tarbaga goma sha ɗaya na gani a mace a bakin ramuka,” ya ce.

Na ce, “Abin Inna Dulma ne?”

Ya goge tsinin wuƙar a jikin dutse.

“Kawu, abin ne? Tun kwana uku ka sani? Haba Kawu, da ka faɗa mini!”

“Na ce kada ka taɓa komai.”

“Komai! Kullum ai komai ake hana ni! Da ka kira sunansa, na rantse da dutsen nan ko da sanda ba zan taɓa ta ba!”

“Ba a kiransa. Ba a gaban Dattijo ba.” Muryarsa ta yi ƙasa. Ya daɗe yana kallon tsibin duwatsun, sannan ya miƙo hannu. “Kira mini likitar gunduma.”

Cajin biyar ne cikin ɗari. Ya ga lambar, ya dube ni, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na danna, na ajiye wayar a kan dutse, ya sunkuya a kanta. Ta yi ƙara sau huɗu kafin likita ta ɗauka.

“Baldan ne, mai gadi, daga saman dutse. Annobar tarbaga ce. Annoba. Gefen arewa duka. Ƙuma sun ciji mutum ɗaya.”

Ranar na fara jin kalmar a bakinsa. Likita ta ce kada wanda ya sauka, mutum ko dabba, a ƙone kayan da suka taɓa ta, tana tafe. Tana cikin tambayar shekaruna wayar ta mutu.

“Tuɓe,” in ji Kawu. “Duka.”

Iska ta riga ta juya, sanyi kamar wuƙa, hadarin ya iso kanmu baƙi ƙirin. Kawu yana tara busasshiyar ciyawa yana zuba ɗan man da yake yawo da shi a kwalba. Ni na kwance ɗamara, na zare igiyar Halzan na taka da ƙafa, ina fama da hannun rigar da na ɗaure da safe.

Sai tsawa ta fashe, kamar dutsen ne ya tsage.

Igiyar ta fizge daga ƙarƙashin ƙafata har na faɗi zaune. Kafin in tashi Halzan ya kai tsakiyar tsakuwa, kunnuwa a kwance, ya miƙa gida.

Daga nan sama ana ganin ger ɗin Yaya kamar farin maɓalli a kan koren zane, ɗan hayaƙi yana tashi. Mijinta ya kai dawakai rijiya mai nisa tun asuba. Ita kaɗai ce da jaririn, kuma shimfiɗarsa na jikin gadon da Halzan ke shigewa. Kare zai kai a minti ashirin. Mu awa biyu, ko da muna da izinin sauka.

“Halzan!” Kawu ya ƙwala kira. “Halzan, zo nan! Zo, ɗan tsoho!”

Ko waige. Ya ɓace a bayan manyan duwatsu.

Kawu ya sauke bindiga daga bayansa.

“Kawu, a’a. Tsaya. Ƙila babu komai a jikinsa, ai ni suka ciza.”

“Ƙila,” ya ce. “Za ka ɗora ɗan Yanjin a kan ƙila?”

Ya kwanta rub da ciki, ya kafa ’yan sandunan bindigar biyu a ƙasa. Hanyar tana fitowa fili a wuri ɗaya ne kawai, wata kwana a ƙasa da mu, taku ɗari biyu ko fiye. Daga nan sai kwari, ba za a sake ganinsa ba sai a ƙofar Yaya. Harsashi ɗaya, kare a guje, da mutumin da rabonsa da harbi tun ina rarrafe. Ina kallon bakin bindigar yana rawa.

“Ba zan same shi a guje ba,” ya ce, idonsa na kan kwanar. “Ciro akushina a jaka. Ka buga shi da ƙotar wuƙa, yadda nake yi masa in zan ba shi abinci.”

“Kawu, ba zan iya ba.”

“Kai ka kwance shi. Buga.”

Na tsaya a saman Dattijo daga ni sai ɗan kamfai, haƙorana suna haɗuwa, ina buga akushi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas-ƙwas. Iska tana kwashe ƙarar. Na ƙara ƙarfi har ƙotar ta fasa mini yatsa. Kwanar nan wayam. Na fara cewa a raina ya riga ya wuce, ya bi wata hanya, yanzu haka yana banke ƙofa.

Sai ga shi ya ɓullo, igiya tana tsalle a bayansa. Ya kai tsakiyar kwanar. Ya rage gudu. Ya tsaya. Ya juyo da kai sama wajenmu, kunne ɗaya a miƙe, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya sake duban hanyar gida.

Bakin bindigar ya daina rawa.

Ƙararta ba ta kai ta tsawa ba. Halzan ya zauna, sannan ya kwanta a gefensa kamar yadda yake yi a inuwar amalanke.

Kawu bai tashi ba. Ya kifa goshi a kan gindin bindigar. Ni kuma, ban san dalili ba, hannuna bai daina buga akushin ba sai da ya ce, “Ya isa haka.”

Muka cinna wa kayana da tarbagar wuta, ya jefo mini rigarsa ta ciki da bargon jakarsa, muka gangara da gudu zuwa wani kogo kafin walƙiya ta same mu a sama. Ƙanƙara ta zubo kamar ana jifa. Da ta ɗauke ya ce in zauna, ya tafi kwanar shi kaɗai. Ina hango shi. Ya tara ciyawa mai hayaƙi ya kewaye gawar da wuta, ya jira har hayaƙin ya ratsa gashin sosai. Sannan ya yi masa abin da ake yi wa karen kirki. Ya yanke wutsiyar ya sa masa a ƙarƙashin kai, ya ciro kitsen wutsiyar tunkiya, guzurinmu, ya sa masa a baki, ya sunkuya ya yi masa magana a kunne, wai in zai dawo duniya ya dawo mutum. Ya jera duwatsu a kansa, ya ƙone tasa rigar ta waje a wurin. Igiyar kuwa ya babbake ta a wuta ya dawo da ita, ya gicciya ta tsakanin duwatsu biyu a kan hanyar da ke hawowa kogon.

Washegari da hantsi mijin Yaya ya hawo a kan doki yana nemanmu. Yana ganin igiyar ya ja linzami. Kawu ya hau dutse ya yi masa bayani da ihu, ya kira sunan ciwon sarai, har sau biyu, ya ce su kwashe ger su matsa can hayin kogi.

“Me zan ce wa Yanjin?” ya tambaya.

Na leƙo daga kogo na ce, “Ka ce mata naman da na yi mata tanadi ya ɗan samu matsala!”

“Ja’iri! In ka sauko da ranka ni zan kashe ka!” Ya ajiye shayi da busasshen cuku da mayafi a kan wani dutse ta inda iska ke fitowa, ya juya.

Ruwan da aka yi ya cika kogi, motar likita ta kasa hayewa. Muka yi yini biyu muna kallon fili. Kawu bai ƙara zancen Halzan ba. Duk safiya sai ya ce in ɗaga hannu ya duba hammatata, ya taɓa mini goshi, ya koma bakin kogo da madubinsa. Har a lokacin ƙirga awakin dutse yake yana rubutawa.

Safiya ta uku na tashi kaina kamar ana sara da gatari, ga wani ƙullutu a hammatar dama kamar ƙwan tattabara. Wasa ya ƙare mini. Na miƙe na ce sauka zan yi, ba zan mutu a rami kamar tarbaga ba, ina son ganin Yaya. Kawu ya zauna a kan hanya, bayansa na jikin igiyar, bindiga a cinya.

“Matsa, Kawu. Babu harsashi, na sani.”

“Gindinta yana nan.”

“Ita ma Inna Dulma haka ka tsare ta?”

Bai kamata in faɗa ba. Ya dube ni, ya ce, “Ita ba ta nemi fita ba. Ita ta ce in rufe.” Ya tashi ya kama ni, ni da ya kamata a guje ni, ya mayar da ni kan bargo, ya ɗora kaina a cinyarsa yana jiƙa ƙyalle yana shafa mini. “Ka yi ta surutunka,” ya ce. “In ka yi shiru ne zan tsorata.”

Rana ta take tsaka na hango wani abu fari fat yana hawowa, fari daga kai har ƙafa, yana tangal-tangal a kan tsakuwa. Na ce, “Kawu, ga maharbin tarbaga nan ya zo mini, saura izga.”

“To miƙe tsaye ka yi kallo, sakarai,” ya ce, hawaye na bin kumatunsa. Likita ce, a kan doki ta haye kogin. Ta tsallake igiyar da allura a hannu.

Kwana goma sha shida na yi a keɓe. Kawu ya sha ƙwayoyinsa, abin bai kama shi ba. Aka rufe gefen arewa har sanyi ya shigo. Ɗan Yaya ko atishawa bai yi ba, yanzu haka shi ke hawa tumakin da suka raina ni.

Kawu yana nan yana gadinsa, ni kuma ina raka baƙi, surutu da nuna yatsa. Amma ba mai taka Dattijo sai ya tsaya gaban Kawu tukuna. Zai dube ka ya ce, “Akwai annoba a dutsen nan. An-no-ba. Tarbagar da ba ta gudu ba, kai ka gudu.” Tsofaffi suna yi masa gunaguni, ko a jikinsa. Dutsen ne dai har yau bai kira sunansa ba.

Na kawo masa ɗan kwikwiyo, ya ce in kai wa Yanjin. Bayan shekara biyu Yaya ta sake haihuwa, mace, baƙar suma, ga ci. Tun tana rarrafe, da an yi tsawa sai ƙarƙashin gado. Duk ranar da aka yanka tunkiya Kawu zai yanki kitsen wutsiya ya sa mata a baki da hannunsa, kafin kowa ya ci. Ba wanda ke cewa komai. Ni ne dai rannan na kasa haƙuri, na ɗauki akushi da wuƙa na ce bari in gwada wani abu.

Gindin bindigar ya same ni a haƙarƙari tun kafin in buga.